Kilo Biyu da Rabi a Baskil ɗin Wake

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Majo Taufiq, babban ma'aikacin jinya na likitar unguwarmu, ya auna tansiyona, wato hawan jini, sau biyu, sannan ya cire tabarau. Sha bakwai. Ya ce, "Madam Zara'u, jikin nan ya yi ma zuciyarki nauyi." Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da mai, in riƙa tahiyar ƙasa kullum.

Shekarata arba'in da uku. Inna, mahaifiyata, tana da arba'in da shida ta rasu. Ban gaya mashi ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Sikelin likita a baranda yake, gaban kowa da kowa, har da uwayen ɗalibaina. Allah ya kiyaye. Na tahi magazar ƙanena Sirajo, na hau baskil ɗin da yake auna wake. Casa'in da huɗu. Ja'irin ya ce saura kilo shida in cika buhu. Na yi dariya, amma da zai ga cikina da bai faɗa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Hanyar Maijirgi, bayan asuba, kafin in tahi lakkwal koyarwa. Masu amalanke sai tsayawa suke, "Hajiya, lafiya? Hau mu rage maki hanya." A Tasawa wa ya taɓa ganin mace da hankalinta tana tahiya ba inda za ta?

Cinyoyina kamar an daka su a turmi.

Talata, 15 ga Oktoba

Casa'in da biyar. Na ce ma Sirajo baskil ɗinshi ƙarya yake. Ya ɗora buhun siminti, hamsin cif.

Asabar, 19 ga Oktoba

Suna gidan Gwaggo Mairo, ƙanwar babanmu. Tana ganina ta tafa hannu, "Kai, ɗiyata, kin murje! Hutu ya karɓe ki." Mata suka yi ta barka. Ni kuwa na tsame hannu daga tuwon.

Haka aka yi ma Inna. Wannan maganar, wallahi, kuma daga wannan bakin. Shekarar da ta fara cika kowa murna yake, wai Allah ya kawo hutu bayan wahala. Zobenta ya ƙi fita, aka ce alheri ne. Ashe ruwa ne ke taruwa. Ranar da aka kai ta Maraɗi likita ya danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar ɗanyen ƙulli, bai taso ba. Ina tsaye riƙe da takalmanta, shekarata sha biyar. Wata huɗu ta ƙara.

Sumaiya ɗiyata sha biyar gare ta bana.

Talata, 22 ga Oktoba

Casa'in da shida da rabi.

Na bar ƙosai, na bar man gyaɗa, ina tahiya har zufa ta jiƙa mani hijabi, abu sai gaba yake. To mine ne wannan in ba ruwa ba? Sirajo bai yi tsiya ba yau. Ya dube ni, ya dubi allurar baskil ɗin, ya ce bari ya kai ni gida a moto.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na danna ƙaurina ya fi sau ashirin. Wani lokaci in ga ya lotsa, wani lokaci in ga idona ne. Tsoro nake ji. Na rubuta shi nan tunda ba wanda zan iya gaya mawa. Maigida sai Juma'a yake zuwa daga Mayahi, kuma in na faɗa a baki kamar na kira abin ne.

Na nuna ma Sumaiya inda takardun haihuwarsu suke. Ta ce, "Mama, tahiya za ki yi?" Na daka mata tsawa a banza.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na tuna a Maraɗi an hana Inna shan ruwa da yawa, da ƙaramin kofi ake auna mata. Ni ma na fara tun jiya. Kofi biyu a yini. In ruwa ne ke taruwa, ai sai a toshe mashi hanya. Tahiyar dai ban bari ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Leɓena ya tsattsage. Kaina na sarawa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Jiya na faɗi a aji. Ina rubutu a allo, allon ya yi baƙi har da allin, sai na farka a gadon likita da ƙarin ruwa a hannu. Ruwa! Na kama tiyon zan fizge, Majo ya riƙe ni. Nan na fashe da kuka na zazzage mashi komai, Inna, zobe, baskil, kofi biyu.

Ya ce, "Innalillahi! Madam, ke da kike koyar da 'ya'yan mutane? Maganin tansiyo, ga rana, ga tahiya, ba ruwa?"

Ya ce in miƙo ƙafa. Ya danna ƙaurina da ƙarfi, ni na rufe ido. Ya ce, "Buɗe ki gani da kanki." Ba rami. Ya saurari ƙirjina ya daɗe, ya sa aka ɗauki jini da fitsari. Wai naman jikin da bai saba aiki ba, in aka tashe shi, yakan riƙe ruwa kafin ya warware, kamar yadda cinyoyina suka yi tsami. Kilo ɗaya ko biyu a makonnin farko ba abin mamaki ba ne, yakan sauka. Na ce Inna fa? Ya ce bai ga Inna ba, ni ya gani.

Sumaiya na bakin ƙofa ashe. Da muka dawo ta cika babbar moɗa ta tsaya a kaina har na shanye. 

Talata, 5 ga Nuwamba

Analiz ɗin jini da fitsari ya fito, wai ƙoda lafiya lau. Tansiyo sha biyar. Baskil casa'in da shida. Ban ce na yarda ba. Likita ma mutum ne.

Talata, 19 ga Nuwamba

Casa'in da huɗu da rabi. Wata ɗaya da rabi ina wahala don in komo inda na taso, tsakani da Allah! Amma zanena ya ƙara zagayawa, kuma masu amalanke sun gaji da ni, hannu kawai suke ɗagawa.

Da safe har yanzu nakan duba ƙafar. Sau ɗaya.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Taron malamai. An canza ma madam ɗin 'yan CI, ajin farko, wurin aiki, dirakta ya ce yana son wanda zai karɓi ƙananan nan ya bi su aji aji har su fita CM2, ajin ƙarshe na firamare, kada a yi ta sauya masu hannu. Kowa ya sunkuyar da kai, yara saba'in ba wasa ba. Sai na ji bakina ya ce, "Mushe, ba ni su."

Ina hanyar gida na ƙirga da yatsu. Shekara shida ke nan. Sai na wuce arba'in da shida da uku kafin su fita. Na tsaya cak gindin iccen bedi, ina jiran gabana ya faɗi.

Na jira, na jira, bai faɗi ba. Da na ga rana na cina sai na wuce gida.