Rafin da Aka Nuna Mini Daga Kujerar Baya

Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni kafin Asabar, in ba haka ba zan aikata abin da zan daɗe ina cizon yatsa a kansa. Mako guda ke nan ba ni da natsuwa. Aikina rabon wasiƙu gida-gida, amma hankalina yana tafkin Toledo Bend, har jiya na zuba wa wata baiwar Allah wasiƙun maƙwabcinta.

Bari in faro daga tushe. Shekara shida ina kamun kifin bas a kujerar bayan kwalekwalen wani dattijo na ƙungiyarmu ta masu gasar kamun kifi, Mista Alcide. Ba mu haɗa komai da shi ba. Ya ɗauke ni ne lokacin da sauran mazan suka ce su ba za su yini da mace a kan ruwa ba. Shi ya koya mini ɗaurin ƙugiya, shi ya yi ta mini faɗa har na daina fizgar sanda tun kifi bai kama koto ba. Kin kuma san dokar kujerar baya, wadda ba a rubuce take ba: duk wurin da mai kwalekwale ya kai ka, nasa ne. Ba ka komawa kai kaɗai, ba ka gaya wa kowa.

To akwai wani rafi da ke shiga tafkin, bakinsa cike da kututtura, sai ki rantse babu hanya. Duk farkon kaka, da zarar ruwa ya fara yin sanyi, ƙananan kifayen shad sukan baro tsakiyar tafki su cika ƙarshen rafin nan, bas kuwa na biye da su don su ne abincinsu. Shekara talatin Mista Alcide yana zuwa wurin. Ni kaɗai ya taɓa kaiwa, ko ɗan cikinsa bai san shi ba.

Bana na sayi nawa kwalekwalen, tsoho ne amma nawa ne. Bana kuma aka yi wa Mista Alcide aiki a kafaɗa, likita ya hana shi jifa da ƙugiya da tuƙi. Kujerar bayana babu kowa a kai tun watan Maris, don har yau mazan ba su sauya hali ba. Duk da haka ni ce ta biyu a yawan maki a gasannin bana, Asabar kuma ita ce gasar ƙarshe ta shekara. Wanda ke gabana, wani Dewey mai bakin tsiya, kullum sai ya tambaye ni a gaban mutane ko in zo ya ara mini kifi ɗaya in ɗauki hoto da shi.

Anti, Satumba ta gasa mini aya a hannu. Zurfafan wuraren da na yi ta kamu a lokacin zafi yanzu wayam. Na yi gabas, na yi yamma, na ƙona mai, na sauya koto ya fi sau ashirin a yini, abin da na samu 'yan mitsi-mitsi uku.

Sai ran Talatar makon jiya na tsinci kaina a bakin rafin Mista Alcide. Na ce leƙawa kawai zan yi. Na tarar da zalɓe bakwai a tsaye, ruwan yana tafasa da shad. Na ce to, jifa uku in tafi. Awa biyu na yi. Bas goma sha huɗu, wasu sai da na sa hannu biyu. Duk na sake su, na fito ban san ko murna nake yi ko kunya nake ji ba.

Ran Lahadi bayan coci matar Mista Alcide, Miz Earline, ta kira ni cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Mijinta ya tambaye ni ya tafki. Na ce babu komai, kifi ya watse. Sai na ga idonsa a kan babban yatsana, wanda ya saluɓe saboda riƙe leɓen bas. Ya miƙo mini burodi kawai.

Ina ta faɗa wa kaina tafki ba na uban kowa ba ne, kuma shi ba zai shiga gasar ba, to wa na cuta? In na je rafin, kofin nawa ne, mace ta farko a tarihin ƙungiyar. In ban je ba, Dewey zai yi shekara yana mini dariya. Amma na kasa buga wa dattijon nan waya. In je ko kar in je?

Taki,
Mai Saluɓaɓɓen Yatsa

*

Ƙanwata,

Kina da gaskiya a abu biyu. Ruwa na kowa ne, babu hukumar da za ta kama ki. Kuma son cin kofi ba laifi ba ne, kin sha rana kin sha habaici kafin ki kai ta biyu.

Sai dai Mista Alcide bai yi ritaya ba, kafaɗa ce ke masa ciwo. Kuma abin da ke sa ki ruɗa wasiƙun mutane ba rafin ba ne, ƙaryar da kika yi a kan teburinsa ce. Mutumin da ya shekara talatin yana riƙe leɓen bas ya san abin da ke saluɓe yatsa, ya kuma san wurare kaɗan ne ke yin haka a Satumba. Ya sani, jira yake ki faɗa da bakinki. Ki je gobe, ki same shi shi kaɗai, ki ce kin shiga rafin kuma kin ɓoye masa. Kada ki kawo zancen Dewey, kada ki roƙi izini a zama ɗaya da neman gafara.

Sannan batun kifi. Kin riƙe wurin, kin manta karatun. Shad ba su san sunan Mista Alcide ba, rafuka da yawa suke shiga. Ki rabu da ramukan lokacin zafi. Ɗauki taswira ki zaɓi rafi uku masu sabon ruwa da ke gangarowa, waɗanda iska ke bugawa cikinsu. Ki shiga har ƙarshe, ki kashe inji, ki yi minti goma kina kallon tsuntsaye kafin ki yi jifa. Koto biyu sun ishe ki, farare, girman shad: mai yawo a saman ruwa da sassafe, mai nutsewa kaɗan in rana ta ɗaga. In rabin awa ta wuce ba ki ga shad ba, ki tashi. A wannan wata wuri ake sauyawa, ba koto ba. Kina da Alhamis da Juma'a.

Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa Dewey ya ɗauki kofin. Za ki ji zafi, amma akwai gasa baɗi. Amanar shekara shida kuwa, in kika kai kifin rafin nan sikelin gasa ba da yardarsa ba, ba za ki sake samun irinta ba.

Abu na ƙarshe. Kin ce likita ya hana shi jifa da tuƙi, ban ji kin ce ya hana shi zama ba. Tun Maris kujerarki take jiran mutum, shi kuma yana gida yana kallon bango a watan da ya fi so a shekara. In ya yarda ya hau, ki bi inda ya nuna. In bai nuna rafin ba, kada ki tambaya. Lokacin da kowa ya ƙi ki, shi ya ce miki hau. Yanzu ke ce mai kwalekwale.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki sa'a da kwanciyar rai.

Anti Verna