Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da fatan kuna lafiya, kai da yaron nan. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar? Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, gero kuma ya fara fid da kai.

Tun da ka ce ka zama ɗan ƙasa a can, amma shi ba za a tabbatar masa ba sai da shaidar cewa ɗanka ne, kuma da yardata yake hannunka, hankalina bai kwanta ba. Ranar Laraba Yaya Sani ya raka ni kotu a Ɗambatta don in yi rantsuwa. Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, faɗi sunan yaron." Ɗan fari ne, tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan ba. Yaya ya ce bari ya faɗa, aka ce sai uwa. Na tuna kunyata tana iya hana shi haƙƙinsa, sai na sunkuyar da kai na faɗa. Da kaina na sa hannu, ban dangwala ba.

Takardar tana tafe. A taya mu da addu'a, Allah ya sa hukumar can ta karɓa. Ka gaishe shi. Kada ka gaya masa na kira sunansa, sai in ya tambaya.

Matarka,
Binta