Inna, Na Kawo Miki Ƙarar Bashar

Zuwa ga Inna Kulu mai tuwo, ta bakin tashar mota a Ƙauran Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima, ina neman izini in yi magana. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma ke kika saba mana da cewa wanda aka ɓata wa rai ya zo ya faɗa miki, kada ya koma lungu yana kumbure-kumbure. To ga ni, Inna. Ƙarar ɗanki Bashar na kawo.

Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato na faɗo hannunki, ina ɗan sha shida. Babana ya kore ni daga Zurmi saboda tafiyata da muryata da yawan zamana a madafi cikin mata. Ya ce shi bai haifi ɗan daudu ba. Na sauka a tasha, na tsaya ina kallon tukunyarki, yunwa tana neman kayar da ni. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kai, wagga tsayuwa ba ta cika ciki. Taho ka ci, in ka ƙoshi mu ji ko ɗan wa kake." Tun ranar kika raɗa mini Na-Zurmi, har sunana na yanka ya nemi ɓacewa.

Ba ni kaɗai kika tsinta ba. Zauren gidanki bai taɓa rabuwa da irinmu, yaran da gidajensu suka gaji da su. Kin san abin da ke zuciyar wasunmu, kin san ba dukanmu ne za mu kawo miki suruka ba, amma ba ki taɓa titsiye kowa da tambaya ba. Abin da ba ki ɗaga ƙafa a kai shi ne salla da makaranta. Duk mai motar da ya tsaya yana yafito ɗayanmu kuwa, da muciya kike fita masa, ya ja motarsa ba shiri.

In zauren ya cika, sai ki ɗaura mayafi ki bi ƙawayenki masu abinci har Kasuwar Daji, ki ce kowace ta riƙe ɗaya. Kin shiga mota kin je Zurmi kin zauna da mahaifiyata, kika dawo mini da ƙuli-ƙulin da ta ɓoye a bakin zane. Ranar na yi kuka har kika ce in na ƙara ɗiga miki hawaye a miya ni zan shanye ta.

Bashar kuwa Yaya muke ce masa, kuma har zuciya. Yana koyarwa a firamare, da yamma ya zaunar da mu a tabarma ya duba mana aikin makaranta. Da wani ɗan kamasho ya kwaikwayi tafiyata a tasha mutane suna dariya, Yaya ne ya shaƙe masa wuyan riga. Ina faɗa miki wannan ne don kada ki ce na manta alherinsa. Da na manta, da abin bai yi mini ciwo haka ba.

Sai Lawali ya zo, autanmu, ɗan sha huɗu. Wani direba ne ya ɗauko shi daga Jangeru da hannu a karye, ubansa ya doke shi da taɓarya don ya same shi yana daka tare da ƙannensa mata. Bashar ne ya goya shi zuwa wurin mai ɗori. Yaron nan da ya warke sai ya cika mana gida da waƙa, yana wanke kwanoni yana rerawa, wai shi malamin asibiti zai zama, kuma ke zai fara yi wa allura.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, murna kika yi, har waina kika raba sadaka. Kika ce, "Abin Allah ne, marayu sun huta." Amma gari ya sauya mana fuska. Waɗanda suke cin tuwonmu kullum suka koma tofar da yawu in mun wuce. Ƙawayenki suka fara sallamar yaran da suka riƙe. Ke ko gezau, sai dai ciwo ya riga ya kama ki.

Ina tsaye da kwanon kunu lokacin da kika kama hannun Lawali kika sa a na Bashar. Kika ce, "Manyan sun iya da kansu. Wanga ƙaramin amana ne, kada ka bari a maishe shi Jangeru." Bashar yana kuka ya ce, "Inna, sai dai bayan raina." Da kunnena na ji.

Ranar sadakarki mu muka yi girki, don babu wanda ya san hannunki sai mu. Jama'a suka ci suna santi. Da muka zo mu zauna a karɓi gaisuwa da mu, Bashar ya tare mu a soro ya ce mu riƙa miƙo abincin ta ƙofar baya, akwai manya. A lokacin an sa shi cikin wani kwamitin gyaran tarbiyya, ana kuma raɗe-raɗin kujera a ƙaramar hukuma. Muka haɗiye, muka ce zafin rashi ne.

Ba a yi arba'in ɗinki ba ya zo da babur wata Alhamis da safe, ya ce ya samo wa Lawali gurbi a makarantar kwana a Shinkafi. Inna, da kin ga murna! Yaro ya sa kayan sallar da kika ɗinka masa, ni na ƙulla masa soyayyar gyaɗa a leda. Ya hau, ya rungume Yayansa ta baya, yana ɗaga mana hannu har suka sha kwana.

Jangeru ya kai shi. Direban da ya kawo mana shi tun farko ya ga komai, shi ya ba mu labari. A ƙofar gida, gaban jama'a, Bashar ya danƙa shi ga ubansa, har da 'yar nasiha a kan haƙƙin iyaye. Lawali ya riƙe ƙarfen bayan babur yana kiran Yaya, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Ba a jima ba muka ji ya gudu ya tsallaka iyaka, hannun nan kuma an sake karya shi.

Da na tsare Bashar, ko kunyar idona bai ji ba. Ya ce, "Na-Zurmi, ka gane mana, idon gari na bisa kaina." Na ce idon Allah fa? Ya tada babur ya tafi.

Na bar Ƙaura a wannan watan. Na je Maraɗi, na bi rumfunan abinci da tashoshi ina tambaya, na koma ba sau ɗaya ba. Babu wanda ya ce ya gan shi. Yanzu furfura ta fara mini, ina da tawa rumfar a garin da ba zan ambata ba, zaurena ma ba ya rabuwa da yara. Dokokinki nake bi, muciya ma ina da ita. Amma duk yaron da ya shigo yana waƙa sai gabana ya faɗi.

Makon jiya Bashar ya kira ni. Alhaji ne yanzu. Zai aurar da 'yarsa, mai sunanki, yana so in zo in yi miyar taushe irin taki. Ya yi ta raha kamar jiya muka rabu. Na bari ya gama, na ce, Yaya, ko ka taɓa jin labarin Lawali? Ya ce, "Wane Lawali?"

Na san muryarsa in yana kauce-kauce, Inna. Wannan ba ita ba ce. Da gaske ya manta.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowace loma da kika ba mu. Lawali, in yana raye, Allah Ya haɗa shi da mai riƙe shi da gaskiya. In ya riga mu, Allah Ya kai shi kusa da ke. Bashar kuwa, na buɗe baki in yi masa addu'a saboda ke, ta ƙi fita. Ki yafe mini, ban iya ba tukuna.

Ɗanki har kullum,
Na-Zurmi