Warƙa Talatin da Biyu, La'asar Sittin

Garhanga, ran Litinin, farkon damina, shekara biyu da ƙarewar yaƙin Jamus.

Zuwa ga Furera ɗiyar Malam Ɗanmaraya na Buza: inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa, ƙamshin ƙasa ran da ruwan fari ya sauka bisa duwatsun Adar! Gaisuwa gare ki, mai yawa, har ta fi shanun da ke wuce mu zuwa arewa. Ina gajiya? Ina Malam? Ina Gogo Cima da ciwon gwiwarta? Ƙawarki Zaliha fa, har yanzu tana fara dariya tun ba a kai wurin dariyar ba?

Ni ne Tanko naki, mai allurar shanu, wanda sarushin dabbobi, wato ma'aikatarmu ta gwamnati, ya ɗauke daga gindin tsamiyarku ya jefo cikin duwatsun nan yau kwana ashirin. Da ajami na rubuto, don ki karanta da idonki, kada bakin wani ya shiga tsakaninmu.

Kin ce in riƙa ba ki labarin duk abin da na karanta ko na saurara. To, waƙar taurarin nan da kinka juya mini da hannunki daga takardun Malam, na maimaita ta har takardar ta yi laushi kamar ganyen rama. Rabin lokaci ma ba waƙar nake karantawa ba, tafiyar alƙalaminki nake kallo, yadda kike ja wa kowane harafi jela kamar ta kurciya. Wa ya koya miki sa tawada ta yi rangwaɗa haka?

Sannan ga abin mamaki. Lokotoro, Baturen da ke shugabancin aikinmu, ya zo rangadi da garmaho. Cikin faya-fayansa akwai wanda ba kiɗa a ciki, wani mutum ne kawai ke ba da labari da Faransanci. Da hantsi ya ɗora shi a bakin rijiya, Fulani sunka kewaye. Ardonsu ya saurara har ƙarshe, ya ce a roƙi mutumin ya sake. Anka murɗa hannun akwatin, ya sake, kalma bisa kalma, har inda ya ja numfashi. Ardo ya girgiza kai ya ce, “Wanga bai san da mutane zaune ba.” Na yi dariya har na zauna ƙasa, amma dariyar ba ta daɗe ba, don ke na tuna.

Kin tuna, ya zumar kogon dutse? Bayan la'asar, tsamiya ta shimfiɗa inuwa a tsakar gidanku, Gogo na sussukar maganarta, Zaliha na saƙar tabarma, ke kuma kina kaɗi. Ni ina can gefen tabarmar baƙi da ɗan littafin bokon da na sawo Gusau tun kafin yaƙi ya rufe iyaka: labarin Ɗangana mahaƙin rijiya da A'i, yarinyar da yake so. In labari ya yi daɗi sai mazarinki ya yi sauri. In ya yi tsanani sai ya tsaya cak, zare na lilo, idonki bisa bakina. Wallahi Furera, da an ba ni dukan fadamar Maggiya da albasarta a kan in fasa wannan kallo, da na ce a bar wa mai so!

Yanzu ki gyara zama, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗin faɗi ba ne.

Jiya Maiguwa mai jakai ya iso daga Buza da kayan gishiri. Ya ce mini Umaru, wanda ake ce wa Mushe irin kiran Faransawa, malamin makarantar lakwal ta Madawa, ya zo gida hutun bakansi, Gogo kuwa ta gaji da jirana, ta aika masa ya zo ran Jumma'a ya ƙarasa muku littafin da na bar miki ajiya. Da na ji haka, sai na zabura kamar na ga bijimi ya tsinke igiya ya nufo ni. Ba kishin Mushe ba ne, ko da yake da shi kaɗan, tun da an ce yana da tabarau. Tsoro ne.

Furera, littafin nan ya ƙare tun la'asar ta shida.

Na faɗa, na huta. Warƙa talatin da biyu ne duka-duka. A cikinsa A'i ta kwanta zazzaɓi Ɗangana na nesa, ta rasu bai gan ta ba, mai littafin ya rufe da wa'azi shafi biyu. Ran nan idona ya riga bakina, na hango mutuwar tana tahowa layi uku a gaba. Daidai nan kinka aje mazari kinka ce, “Tanko, in A'i ta mutu, naɗe takardarka, ba ni ƙara zama.” Na dubi layin, na dube ki. Ina zan sa kaina in la'asar ta yi ba ni da dalilin yin sallama a ƙofarku? Sai kawai na ji bakina ya ce: A'i ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta ce a damo mata fura. Zaliha ta rangaɗa guɗa, Gogo ta ce alhamdu lillahi, ke kuwa kinka yi murmushin da ya hallaka ni. Daga ranar duk abin da kunka ji, daga kaina ya fito.

Raƙumin da ya ƙi tsallake gulbi sai an kira shi da sunan uwarsa, da safen ran da na ba ku labarinsa na gan shi a hanyar kasuwa. Tsohuwar nan mai maganin gwiwa, wadda ba ta bari kowa ya ƙare magana, Allah ya yafe mini, Gogo Cima ce da kanta. Ita ce ma ta ce, “Kai, wagga tsohuwa ta cika surutu!” na kusa haɗiye harshena. Bisa doki nake saƙa labarin, cikin garke nake gyara shi, har wata rana na kusa soka wa jakin mai gari allurar shanu, ina neman yadda zan fitar da Ɗangana daga hannun ɓarayi.

Kuma ba ni kaɗai na yi aikin ba, ya farin watan zuciyata. Duk ran da kinka ce, “Da ni ce A'i, da kaza na yi,” kashegari sai A'i ta yi. Da kinka ce da ke ce, da kin ɗaura igiya a ƙugu kin shiga rijiya da kanki kin nemo Ɗangana, ai kin ji ta shiga. Kinka dube ni kinka ce, “Ka gani? Mai littafin nan ya san mata.” Ina ya san su! Mace guda ya sani, tana zaune gabansa da abawa a hannu.

Na san wanga ba abin dariya ba ne kaɗai. Ban manta da ranar da kinka gaya mini dalilin fitowarki daga gidan mijinki na fari ba. Kin ce yunwa kin iya zama da ita, faɗa ma kin iya, amma mutumin da bakinsa ke gabas zuciyarsa na yamma, ba ki ƙara haɗa rufi da shi. Ga shi ni wata biyu ina riƙe da takarda ina faɗin abin da babu cikinta. Kawuna kuwa ya riga ya kai gaisuwa wurin Malam, an ce a dakata sai kaka. In Mushe ya buɗe littafin ran Jumma'a ya ce, “Ai A'i ta daɗe da mutuwa,” da wane ido Malam zai dubi mai neman ɗiyarsa? Ke fa, da wane ido?

Shi ya sa na ce gara ki ji daga hannuna. Ban yi don in raina hankalinki ba, hankalin da ya fi rijiyoyin Garhanga zurfi. Na yi ne kamar mai ƙishi da ya samu bakin tafki ya ƙi tashi. In kin ga laifin ya fi ƙarfin yafewa, ki faɗa, zan ɗauka, ko da yake ban san inda zan kai shi ba. Amma in da sauran wuri gare ni ko a bakin tabarma ne, ki tausaya, ya kurciyar fadama, ya sanyin iskar da ke gaban hadari! Ashe laifi ne mutum ya hana mutuwa ɗaukar yarinya, ko da ta takarda ce?

Na kai nan ke nan, ina shanya tawada a rana, sai ga Maiguwa ya leƙo karɓar wasiƙa. Ya tsuguna, ya ɓare goro, ya ce, “Af, Malam Tanko, na manta, akwai saƙon baka daga ɗiyar Malam.”

Na ce, “Tun jiya kana riƙe da shi?”

Ya ce, “Jakai sun ɗauke mini hankali. Ta ce in gaya maka, ita boko ne ba ta iya ba, ba ƙidaya ba. Warƙa talatin da biyu ba su kai la'asar sittin. Ta ce kuma duk sa'ad da za ka shara ƙarya, sai ka yi gyaran murya sau biyu, ko Zaliha ta gane. Gogo ce kaɗai ba ta sani ba, ka zo ka fuskance ta da kanka kafin Jumma'a.”

Furera! Furera! Wace irin mace ce ke? Wata biyu ina zufa, ina kwana ina tashi da nauyin asiri, ashe ke kina kaɗi kina ƙirga mini gyaran murya! Ashe sa'ad da kike cewa “da ni ce A'i,” umurni kike ba ni, ni kuwa ina gudu kamar ɗan aike ina jin ni gwani ne! Na rasa ko in ɓuya cikin garke don kunya, ko in hau dutsen nan in yi kirari. Maiguwa dai ya ga babban mutum na dariya da hawaye, ya ja jakansa gefe.

Ban yaga abin da na rubuta a sama ba. Ko da kin sani, haƙƙinki ne ki ji shi daga gare ni.

Garke biyu sunka rage mini. Lokotoro ya ba ni kwana uku. In Allah ya yarda, ran Alhamis da hantsi dokina na ƙofarku. Zan fara da Gogo, in durƙusa, in faɗa mata gaskiya har da zancen tsohuwa mai maganin gwiwa. Ki dai ɓoye muciya. Daga nan in shiga zauren Malam in maimaita da bakina, kada ya ji a bakin wani. Abin da ya yanke, na bi.

Ga alkawarina, ki riƙe shi da shaidar tawada. Daga yau in na karanta miki, zan ce, “Wanga na takarda ne.” In na ƙaga, zan ce, “Wanga nawa ne.” Akwai kuma magana guda wadda ban tsinta a takarda ba, ban kuma ƙaga ta bisa doki ba: ina son ki, Furera, son da zai ga furfurarki ya ƙaru, ya ga tawa bai ragu ba, damina da rani, har ran da za a miƙe ni a dama.

Naki, yau da gobe da abin da Allah ya ƙaro,
Tanko mai allurar shanu.