An Fasa Mini Kunne Saboda Cokalin Shayi

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri idan na yi ta zagaye-zagaye, don kaina ba daidai yake ba. Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɗakin maza. Na ga jini, na ga gawa, an sha zagina har da iyayena, duk na shanye. Duka ne ban taɓa sha ba sai makon jiya, kuma yanzu haka da nake rubuto miki kunnena na hagu ƙugi kawai yake yi.

An kwantar mana da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, Baba muke ce masa. Ba ya magana sai ido, kuma ciwon ya taɓa masa maƙogwaro. Duk abin da aka sa masa a baki, ko da ruwa ne, yana iya kauce hanya ya faɗa huhu. Shi ya sa likita ya hana a ba shi komai ta baki, aka zura masa roba ta hanci, ta nan muke ba shi abinci. 'Yarsa ce ke jinyarsa, wata baiwar Allah mai shiru-shiru. Ɗansa kuma direban babbar mota ne, ƙato, yakan leƙo da yamma.

Ran da abin ya faru, lokacin ziyara ne, ina sauya wa na gadon kusa ledar ƙarin ruwa sai na ji tari, irin jiƙaƙƙen tarin nan da kowace nas ta san shi. Ina ɗaga labule na ga 'yar ta tallafo kan Baba tana ɗura masa shayi da cokali. Idanunsa sun firfito, leɓensa ya soma yin duhu, ita kuwa tana bubbuga masa baya tana shirin ƙara wani. Anti, ban tsaya sallama ba. Na buge hannunta, kofin ya yi sama, shayin ya wanke mata gaban riga, na daka mata tsawa na ce kashe shi za ta yi ne? Na juya Baba gefe, na jawo injin zuƙe majina.

Ban ga shigowar ɗan ba, saukar mari kawai na ji, wuta ta gilma mini a ido. Ya fizgo ni ta wuyan riga ya gwara kaina da ƙarfen gado. Da na faɗi ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari, yana ihu wai mun bar ubansa da yunwa, yanzu kuma mun koma dukan ƙanwarsa. Tiren magani ya kife, kwalabe suka farfashe, na dafa ɗaya ta tsarge mini tafin hannu. Har ya ɗaga ƙarfen da muke rataye ruwa zai kwaɗa mini, masu jinyar sauran gadaje suka rirriƙe shi. Mai gadinmu kuwa, Allah ya ba shi lafiya, sai da komai ya lafa ya iso yana gyara bel. Abokiyar aikina ce ta tsallake ni ina kwance cikin jini ta ƙarasa zuƙe wa Baba maƙogwaro, ba don ita ba da tuni an binne shi.

Likita ya ce dodon kunnena ya fashe. Shugabarmu ta kira ni ofis ta ce dangin sun zo sun ba da haƙuri, in bar maganar kada sunan asibiti ya ɓaci, ta kuma tuna mini cewa ni na fara kai hannu. Mijina makaniki ne. Da ya ga fuskata, sifana ya ɗauka ya rantse sai ya karya hannun da ya taɓa ni, da kyar na tare ƙofa. Har yau cikin hira sai ya tambaye ni wai yaushe mutumin ke zuwa asibitin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na koma aiki, kuma tun ranar duk mun ja baya da gadon nan, kowa ta ba da magani ta fice kamar ana korar ta. Jiya na hango 'yar tana tura filas ƙarƙashin gado, da cokali a naɗe a gefen zaninta. Baba ya fara zazzaɓi, ƙirjinsa yana ƙara idan ya ja numfashi, na kuwa san abin da hakan ke nufi. Na nufi gadon, sai na hango takalman ɗan ta ƙarƙashin labule. Na juya. Wata zuciyar har cewa take ai ubansu ne, su kashe abinsu. Idan na rufe ido kuma sai in ga ina rotsa wa mutumin nan kai da ƙarfen da ya ɗaga mini. Ban gaya wa kowa zancen filas ɗin ba. Tsoro nake ji, haushi nake ji, kunyar kaina nake ji. In na yi magana wataƙila a ƙarasa mini ɗaya kunnen, in na yi shiru tsohon nan zai mutu ina kallo. Yaya zan yi?

Ƙanwarki,
Nas mai kunne ɗaya

*

Ƙanwata, sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar miki da jinki.

Zan fara da na gaggawa. Zancen filas ɗin nan ba na ajiyewa ba ne. Yau, kafin ki yi komai, ki sami likitan da ke duba Baba da shugabarku ki faɗa musu abin da kika gani, da zazzaɓin, da ƙarar ƙirjin. Ba na ce ki shiga bayan labulen nan ke kaɗai ba, aikin jinya bai ce ki miƙa kanki a fasa ba. Amma tsakanin shiga ke kaɗai da yin gum akwai hanya mai faɗi. Shirun da kika yi jiya na fahimce shi, jiki ne da ya sha duka. Idan kika maimaita shi gobe, ya zama zaɓi.

Shi kuwa ɗan, babu wani uzuri a abin da ya yi. Tsoron rasa uba ba ya halatta wa namiji ya tattake mace a bakin aikinta. Yafiya taki ce, in kin ga dama ki yi. Kai rahoto kuwa ba naki ke kaɗai ba ne, don gobe wata ce za ta tsaya a inda kika tsaya. Ki shigar da ƙara ga hukumar asibiti da 'yan sanda, ki haɗa da shaidar likitan da ya duba kunnenki. Ki nemi a hana shi shiga ɗakin sai da mai gadi, kuma mai gadin da ya riga ya ɗaura bel ɗinsa. Shugabarku ta sani cewa asibitin da nas-nas ke tsoron gadon mara lafiya ya riga ya ɓata sunansa. Maigidanki kuma ki ce na gaishe shi, ya ajiye sifana ya raka ki ofishin 'yan sanda. Idan ya karya hannun wani, shi za a rufe, ke kuma ki koma jinyar kunne da kai abinci gidan yari.

Yanzu naki. Tare cokalin nan daidai ne, ko ni ce zan tare. Kalmar da kika jefa wa yarinyar ce ta yi nauyi. Ba kisa ta zo yi ba. Ubanta take gani leɓe a bushe, kuma a wurinta wanda bai ci ta baki ba bai ci ba. A duk wasiƙarki ban ga inda wani ya zaunar da ita ya yi mata bayani da harshen da za ta gane ba. Hani kawai aka yi, shi ya sa ta koma ɓoyo. Ku kira ta gefe, ke da likita, ba a gaban yayanta ba. Ki ba ta haƙuri kan tsawar, wannan ba zai rage ki da komai ba. A nuna mata inda shayin ke tafiya, sannan a ba hannunta aiki: ta riƙa goge masa baki, tana jiƙa masa leɓe da auduga, ta tsaya kusa idan kuna ba shi abinci ta roba don ta gani da idonta cewa yana ƙoshi.

Mugun tunanin da ke zuwa miki kada ya firgita ki, ciwo ne irin na wanda aka zalunta. Ki sami wadda kika yarda da ita ki amayar, in ya ƙi tafiya ki ga likita. Idan kuma kin ga hannunki ba zai natsu a gadon nan ba, kina da damar neman a sauya miki, bayan kin damƙa duk abin da kika sani ga wadda za ta karɓa.

Ki riƙe abu ɗaya. A cikin duk waɗanda ke wannan rigima, Baba bai daki kowa ba, bai zagi kowa ba, kuma shi kaɗai ne ba zai iya buɗe baki ya ce a cece shi ba. Ke kika gani, don haka ke ce bakinsa. Ki tashi ki je ki faɗa.

Allah ya tsare ki a bakin aikinki, ya sanyaya miki zuciya, ya ba Baba sauƙi.

Antinku