Baba, Asma'u Ka Bar Wa Kalmominka

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Babbar ɗiyarka ce, Hajara, daga Shagari, inda har yanzu nake aikin asibiti.

Baba, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Kana tuna la'asar ɗinmu a Bodinga? In ka taso daga makarantar da kake koyar da Turanci, sai ka zauna gindin darbejiya ka kira ni da ƙanwata Asma'u. Kakan ce, “Kalmomin ga 'yan'uwa ne, ku dubi goshinsu ku gane gidansu.” Return, repeat, rewrite: duk mai “re” a gaba sakewa yake nufi. Mistake, mislead, misuse: “mis” kuwa kuskure ne. Kafin in gama juya abin a kaina Asma'u ta kawo ta huɗu. Sai ka tafa hannu ka yi dariyar nan taka, ni kuma Inna ta kira ni in duba tukunya. Ba ka taɓa cewa ta bar ni in ƙarasa ba.

Da na fara aiki na ci karo da irin nasu a asibiti. Antibiotic, antiseptic, duka na yaƙar cuta ne. To me ya sa ake kiran awon ciki antenatal, alhali ba yaƙi muke da haihuwa ba? Murna ta kama ni, na ce yau ga tambayar da ni kaɗai na samo. Na kira ka a waya. Ka ce, “Harafi guda ya raba su, ɗiyata. Tambayi Asma'u, ta sani.” Ban tambaye ta ba. Ni kaɗai na bincika na gane ba “anti” na yaƙi ba ne, “ante” ne, mai nufin “kafin”, kuma ban sake kawo maka zancen ba.

Makon jiya na je suna Bodinga. Na tarar da Asma'u, wadda yanzu ita ma malama ce, ta tara 'ya'yan dangi a tsakar gida. Transport, transfer, translate, tana ce musu duka ƙetarewa ne, ko na hanya, ko na wurin aiki, ko na harshe. Har yatsa take ɗagawa yadda kake yi. Kawu ya share hawaye ya ce, “Malam bai mutu ba.” Ina tsaye riƙe da faranti, Baba. Ni na kwana da kai a asibiti, ni na san lokacin kowane maganinka, amma babu wanda ya dube ni ya ga kamanninka.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Nana, jikarka, 'yata ta fari. Tana gaban tabarma, baki buɗe, tana kallon Asma'u yadda ba ta taɓa kallona ba. Da muka dawo ta roƙe ni in bar ta ta yi hutu a can. Na ce sai na yi shawara. Babu wata shawara, zuciyata ce ta ƙi.

Jiya dai na kai ta tasha da kaina. Na sayo mata ƙuli-ƙuli, na gyara mata hijabi. Motar ta tashi tana ta ba wata mata labarin innarta Asma'u mai Turanci, ko waigowa ba ta yi ba.

Asma'u ba ta yi mini komai ba, na sani. Ina son ta. Amma ina kishinta, Babana, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa iliminka ya bi ka. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya kafin Nana ta dawo, don in ta zauna tana koya mini abin da ta koyo, in iya saurarenta da sakin fuska.

Ɗiyarka mai kewarka,
Hajara