Baƙar Tsakuwar Karsanar Habi

Gummi, daren Alhamis, daminar 1983

Yau na koma rugar Baffa Jauro ta bakin gulbi, na iske ciwon sammore ya kashe karsanar Habi, ƙaramar ɗiyarshi.

Malamin da zai duba aikin digirina na uku ya ce kafin in zo jami'a sai na nuna na iya ilimin ƙididdiga a aikace. Maganin allurar sammore da ke hannuna rabin garken kawai zai isa. Ƙa'ida kuwa ita ce a jefa ƙuri'a, kowace saniya rabonta daidai da na 'yar'uwarta, kada son zuciyar likitan dabbobi ya shiga. Haka na yi, da tsakuwa fara da baƙa cikin ƙwarya: fara a yi allura, baƙa a bari.

Ranar ƙuri'ar Baffa ya ja ni gefe ya ce, "Likita, waccan ta Habi ce, ran sunanta na ba ta. Ka sa ta cikin masu allura." Na ce mashi in na zaɓa da hannuna lissafin duka ya ɓaci. Aka jefa ƙuri'ar. Baƙa ta fito ma karsanar.

Yau bai ce komi ba sai "Haka Allah ya ƙaddara." Har nono ya sa aka kawo mani. Habi ce ta kawo, ta aje, ba ta dube ni ba.

Littafin ƙididdiga ya ce mutuwar saniya guda ba ta nuna komi, ko da allurar tana iya mutuwa. Na haddace wannan, in an tambaye ni zan amsa daidai. Nonon dai yana nan, na kasa sha.